Mutumin da Aka Aika Ya Gano Ya Faɗo

Talata 20 ga Fabrairun 1962 ta faɗo ne a tsakiyar watan azumi. Ƙarfe huɗu na yamma ta ɗan gota a Kano, lokacin da mai azumi ke fara auna tsawon inuwa, sai wata murya ta shigo rediyon wata tasha da Amurkawa suka kafa a bayan gari. Mai muryar yana can sama, nisan da ya haura kilomita 160, cikin wani kumbo da bai fi mutum ya zauna ya miƙa hannu ba, yana tsala gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a. Mintuna 20 da 'yan kai kafin nan yana kwance ne a ƙololuwar roka a gaɓar tekun Florida. Sunansa John Glenn. Abin da ya shaida wa mutanen tashar shi ne yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, su kuma suka amsa masa da cewa ai mako guda ke nan iska na kaɗawa da ƙarfi.

Hunturu ne dai, wanda ke fasa mana leɓe da dunduniya kowace shekara. Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya ya leƙo mu daga sama, ƙura ya gani, ƙura kuma ya ce ya gani.

Tashar Kano ɗaya ce daga cikin 18 da hukumar NASA ta jera a kewayen duniya domin shirinta na Mercury: akwai a Bermuda, da tsibiran Kanari, da Zanzibar, da Ostareliya, da Hawaii, da Meziko, biyu ma a kan jiragen ruwa suke. A lokacin ba a da taurarin ɗan'adam masu miƙa magana daga wannan ɓangaren duniya zuwa wancan, saboda haka sai kumbo ya zo saitin tasha ake jin mai cikinsa, a yi 'yan mintuna ana magana, ya wuce ya faɗa hannun ta gaba. Najeriya ba ta cika shekara biyu da samun 'yanci ba, Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya yana kan gadon Dabo, ga shi kuma Kano ta zama zango a hanyar da ba raƙumin da ya taɓa bi.

Mutane kan so wanda ya je wuri mai nisa ya dawo musu da magana mai nauyi. Glenn ya rayu shekara 54 bayan wannan tafiya, an kuma yi ta tambayarsa darasin da ya koyo. Amsarsa a taruka ba ta wuce abin da kowane dattijon kirki zai faɗa ba, wato mutum ya ba da kansa ga abin da ya fi son ransa girma. Gaskiya ce, amma ba sai an hau roka ake sanin ta ba. Ni a ganina hikimar mutumin nan ba a jawabansa take ba. Tana cikin faifan da ya naɗi sa'o'i 4 da mintuna 55 na tafiyarsa, da cikin wasu 'yan kalmomi da ya furta a waya da a gaban majalisa, wasu suka daga darajarsa, wasu kuma suka zame masa tabo.

Aikin da aka aike shi, in an tace shi, aikin ido ne da baki. Kumbon zai iya tafiya ba tare da matuƙi ba. Watanni uku kafin nan an ɗora wani biri mai suna Enos, ya kewaya duniya sau biyu ya dawo da ransa. Abin da biri ba zai iya ba shi ne ba da labari. Yuri Gagarin ya riga ya kewaya sau ɗaya a Afrilun 1961, Gherman Titov ya wuni ya kwana a sama a watan Agusta, amma Tarayyar Sobiyet ba ta buɗe wa abokiyar hamayyarta cikinta. Likitocin Amurka kuwa suna da fargaba iri-iri: ko ƙwayar ido za ta sauya siffa idan nauyin jiki ya gushe, ko maƙogwaro zai ƙi haɗiya, ko kai ya juya mutum ya kasa gane sama da ƙasa. Sai aka liƙa masa ƙaramin allon gwajin ido a gabansa ya riƙa karantawa, aka ba shi markaɗaɗɗen tuffa ya matsa a baki ya haɗiye. Kowane abu sai ya faɗa: na gani, na haɗiye, lafiyata ƙalau. Magana ce marar armashi, amma a kanta aka gina duk tafiye-tafiyen da suka biyo baya, domin da ya ƙara gishiri ko ya rage, wanda zai hau bayansa ne zai biya da ransa.

Gab da ƙarshen kewayen farko, rana na ɓullowa a kan tekun Fasifik, ya ga abin da ba wanda ya shirya masa. Dubban ƙananan abubuwa masu ƙyalli, launinsu tsakanin rawaya da kore, suna yawo a hankali kewaye da kumbon. Glenn mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, dattijo ne ma a majami'arsu. Wani a matsayinsa, shi kaɗai a wurin da kusan ba wanda ya taɓa zuwa, da sai ya ga aya ko mala'iku. Shi kuwa ya fara da cewa zai yi ƙoƙari ya kwatanta abin da yake ciki, ya faɗi launinsu, ya ƙiyasta tazarar da ke tsakaninsu da saurin tafiyarsu, ya kwatanta haskensu da na maƙesu, ƙwarin nan masu walƙiya da dare. Ya tsaya a nan. Da ya sauko yana ba da bayani, likitan ƙwaƙwalwa George Ruff ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tambaye shi cikin zolaya: “To, me suka ce maka, John?” Shi da kansa ya riƙa ba da wannan labari yana dariya.

Watanni uku bayan haka, a Mayun 1962, Scott Carpenter ya hau nasa kumbon, hannunsa ya bugi bango, sai ga abubuwan sun tarwatse a waje. Ya sake bugawa suka sake tashi. Ashe ɓarɓashin ƙanƙara ne da ke taruwa a jikin kumbon, rana ta haske shi. Bayanin Glenn bai buƙaci gyara ko ɗaya ba, domin tun farko bai ce ga abin da suke ba, ga abin da suka yi kama da shi ya ce. Kama da wane ba wane ba ne, kowa ya haddace wannan, amma kaɗan ne ke iya riƙe shi a lokacin da zuciya ke bugawa kuma duniya duka ta kasa kunne. Yawancin jita-jitar da ke tada gari daga nan take farawa: mutum ya ga wani abu da gaske, sai a hanyarsa ta zuwa ba da labari ya zubar da “kamar”.

Akwai wata maganarsa da aka fi yawan maimaitawa a 'yan shekarun nan. Kwamfutocin IBM ne suka lissafa hanyar da kumbon zai bi da inda zai faɗo, kuma a wancan zamani na'urorin kan yi tuntuɓe. Kamar yadda Katherine Johnson ta ba da labari, Glenn ya ce wa injiniyoyi su sa “yarinyar nan” ta bi lissafin da hannu, in ta ce daidai ne, to shi a shirye yake. Ita Katherine ɗin yake nufi. Ta shafe yini ɗaya da rabi a kan na'urar lissafi ta tebur a cibiyar Langley da ke jihar Virginia, alƙalumanta suka zo daidai da na kwamfuta. Baƙar fata ce, a jihar da a lokacin yawancin makarantun farare da na baƙaƙe a rabe suke, amma jarumin ƙasa ya ɗora ransa a kan kalmarta. Wannan abin yabo ne. Sai dai “yarinyar” shekarunta 43, uwar 'ya'ya uku ce, ta kuma girme shi da shekara uku. Haka ake kiran duk matan da ke lissafi a wurin, shi ma bakinsa ya bi abin da ya tarar. A jimla ɗaya ya ɗaukaka ta ya kuma rage mata tsawo, ban kuwa tsammanin ya lura da na biyun ba.

Wannan rashin lura ya fito fili a watan Yulin 1962. Wasu mata matuƙa jirgin sama su 13 sun ci irin gwajin lafiyar da aka yi wa 'yan sama jannatin farko, a asibitin Dakta Lovelace da ke Albuquerque, amma aka dakatar da shirin. Biyu daga cikinsu, Jerrie Cobb da Janey Hart, suka kai kuka gaban wani kwamitin Majalisar Wakilai. Washegari aka kira Glenn. Ya ce maza ne ke zuwa yaƙi, su ke tuƙa jirage, su dawo su taimaka a ƙera su a gwada su, rashin mata a wannan fage kuwa haka tsarin zaman al'ummarsu yake. Ya ƙara da cewa mai yiwuwa ba abin so ba ne. In an duba, bai yi ƙarya ba, ya faɗi abin da ya gani kamar yadda ya saba. Amma ƙura da ƙanƙara ba ruwansu da abin da aka ce a kansu, tsarin zaman mutane kuwa da bakin mutane yake tsayuwa. Idan mutumin da miliyoyi suka fito titunan New York tarbarsa watanni huɗu da suka wuce ya ce “haka abin yake”, ya sa wa abin tubali ne, ko da a ransa rahoto yake bayarwa. Sharaɗin da ya tare matan shi ne gogewa a gwajin jiragen yaƙi masu injin jet, aikin da sojan Amurka bai yarda mace ta yi ba. Shi kansa Glenn lokacin da aka zaɓe shi a 1959 bai da takardar digirin da aka shardanta, aka duba ƙwarewarsa aka ɗaga masa ƙafa. Ba a cika shekara ba Valentina Tereshkova ta kewaya duniya sau 48 a Yunin 1963. Ba'amurkiya ba ta je ba sai 1983, lokacin da Sally Ride ta hau.

Abin mamaki, watanni biyar kafin wannan zama shi ma an yanke hukunci a kansa ba tare da an tambaye shi ba, bai kuma ji daɗi ba.

Yana shiga kewaye na biyu wata alama ta bayyana a ɗakin kula da tafiyar a Cape Canaveral. A ƙasan kumbon akwai garkuwar da ke tare zafin da ya haura digiri 1,500 lokacin da ake kutsowa cikin iskar duniya. Tsakaninta da jikin kumbon an naɗe wata jaka da ke buɗewa a ƙarshe don rage ƙarfin faɗawa ruwa. Alamar ta nuna jakar ta saki, ma'ana garkuwar ta kwance daga maƙallanta. In haka ne, abin da ke riƙe da ita kawai ɗaurin ƙunshin rokokin birki ne, wanda bisa tsari ake yarwa kafin a shigo. A yar da shi, garkuwa ta bi shi, mutum ya ƙone. A bar shi, ba wanda ya taɓa gwada abin da zai faru. Chris Kraft, mai jagorancin tafiyar, yana ganin alamar ƙarya ce, a bi tsari. Na sama da shi, Walt Williams, ya yanke a bar ƙunshin. A abu ɗaya suka haɗu: kada a gaya wa Glenn.

Sai aka shiga yi masa tambayoyi a kaikaice, tasha bayan tasha. Abokin aikinsa Gordon Cooper daga Muchea a Ostareliya ya tambaye shi ko makunnin jakar a kashe yake. Aka tambaye shi ko yana jin wani abu na bugawa. A daidai wannan lokaci na'urar da ke daidaita kumbon da kanta ta riga ta fara ba shi matsala, da hannu yake tuƙi. Da aka zo Hawaii a kewayen ƙarshe aka ce ya juya makunnin ya ga ko fitila za ta kama. Matuƙin da ya yi yaƙin duniya na biyu da na Koriya, wanda aikinsa gwada sababbin jirage ne, ba ya buƙatar a fassara masa irin waɗannan tambayoyi. A saman Texas aka umarce shi ya bar ƙunshin har ya sauko. Ya tambaya mene ne dalili, ko akwai wani dalili? Aka ce masa ba yanzu ba, hukuncin Cape ne. Sai da ya rage 'yan mintuna wani abokin aikinsa, Alan Shepard, ya faɗa masa gaskiyar abin da ake tsoro.

Daga nan rediyo ya ɗauke na kusan mintuna huɗu da rabi, kamar yadda aka san zai yi idan wuta ta lulluɓe kumbo. Yana kallon gutsattsarin abubuwa masu ci da wuta suna wuce tagarsa, bai san ko na ƙunshin ba ne ko na garkuwar. Da murya ta dawo ya ce lafiya yake, amma fa dunƙulen wuta ne na gaske ya ratso. Jirgin ruwan yaƙi mai suna Noa ya tsamo shi daga tekun Atlantika. Da aka bincika, garkuwar na nan daram, makunnin da ya aiko da alamar ne ya lalace.

Waɗanda suka ɓoye masa ba mugaye ba ne. Hujjarsu ita ce ba su da tabbas, ba kuma abin da zai iya gyarawa daga ciki, to me ya sa za a ɗora masa tashin hankali? Hujja ce da muka sani sarai. Mukan je dubiya mu tarar likita ya riga ya gaya wa 'yan'uwa abin da ake ciki, kowa a ɗakin ya sani ban da mai jikin, ana ta ce masa da sauƙi, shi ma yana amsawa da sauƙi, alhali daga yadda ake kauda ido ya gama ganewa. Tausayi ne, ban musa ba. Amma ɓoyewar ba ta cika hana mutum sani ba, abin da take hana shi shi ne abokin shawara. Glenn ya shafe ƙarshen tafiyarsa yana haɗa gaskiya daga ɓaraguzan tambayoyi, shi kaɗai, alhali shi ne kaɗai mai kunnen da zai ji garkuwar in tana motsi. Bayan ya sauko ya faɗi matsayinsa ba tare da hayaniya ba: duk abin da aka sani game da jirgi, a sanar da wanda ke cikinsa. An aike shi ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, yana ganin bashi ne a mayar masa da irinta. Tambayar ba ta mutu ba. A 2003, da wani yanki na soso ya bugi fiffiken kumbon Columbia yayin tashi, an sanar da mutanen ciki amma aka ce musu ba abin damuwa ba ne, domin haka manyan ƙasa suka yi imani. Mutum bakwai suka rasu wajen saukowa. A can ɓoyewa aka yi, a nan kuwa tabbacin da ba a mallaka ba aka bayar, na biyun ma ya fi muni.

Kalmar da aka fi tunawa daga wannan rana ba ma shi ya faɗe ta ba, bai kuma ji ta ba. Daƙiƙu kaɗan kafin roka ta tashi, Carpenter ya yi masa addu'ar matafiyi, ya kira sunansa ya roƙa masa rakiyar Ubangiji. Maganar ta shiga faifai, duniya ta ji, amma ba ta bi layin da ke zuwa kunnen Glenn ba. Sai bayan ya dawo ya saurara. Da ya rasu ranar 8 ga Disamban 2016 yana da shekara 95, na ƙarshe cikin 'yan sama jannatin Amurka bakwai na farko, da ita Shugaba Obama ya rufe saƙon ta'aziyyarsa.

In ana neman inda mutumin nan ya koyi sauraro, a gidansa za a duba. Shi da Annie Castor tun suna rarrafe suka san juna a ƙaramin garin New Concord na jihar Ohio, suka yi aure ranar 6 ga Afrilun 1943. Tana da in'ina mai tsanani, wadda masana suka auna da kashi 85 cikin ɗari, wato a mafi yawan kalmomin da ta nufi furtawa sai harshe ya maƙale. Ba ta iya kiran waya. In ta shiga tasi sai ta rubuta inda za ta a takarda. A kanti takan yi ta zagaye tana neman abu da kanta, don kada ta tambaya a yi mata dariya ko a juya mata baya kafin ta ƙarasa. Ranar da 'yarsu ta taka ƙusa, maƙwabciya ta nemo ta kira mata asibiti. Mace ce mai kaifin basira, gwanar kaɗa ogan na majami'a, amma wanda bai san ta ba sai ya ɗauka ba ta da abin cewa. Ga ta kuma an wayi gari mijinta na cikin waɗanda aka fi ɗauka hoto a Amurka, 'yan jarida sun yi sansani a ƙofar gidanta.

Ranar 27 ga Janairun 1962 Glenn ya shafe fiye da sa'o'i biyar ɗaure a cikin kumbo, gajimare ya hana tashi, aka sauko da shi. Mataimakin Shugaban Ƙasa Lyndon Johnson yana cikin mota kusa da gidansu a Arlington, yana son ya shiga da masu kyamarar talabijin ya jajanta wa matar a idon duniya. Annie ta ce a'a. Aka matsa, ta ƙi. Aka kira mijin a waya don ya lallashe ta, shi ko kayan tafiyar bai gama cirewa ba. Ya ce mata in ba ta son Mataimakin Shugaban Ƙasa ko wani ya shigo, to ba mai shigowa, yana bayanta. An nuna masa cewa wannan na iya jawo a sauya shi da wani, abokan aikinsa kuma suka tsaya masa. Na fi ganin jarumtarsa a nan fiye da a kan roka. Roka ya yi shekara uku yana shirya mata, wannan kuwa ba shiri, kuma abin da ya sa a faifai shi ne tafiyar da ya fi so a duniya. Bai ce zai yi magana a madadinta ba. Ita ta riga ta yi maganarta, kalma ɗaya ce, ya hana a take ta. Daga baya iyalan biyu sun zama aminan juna.

Suna da wata 'yar al'ada tun lokacin da zai tafi yaƙin Fasifik. Da ya rasa abin da zai ce mata a wajen sallama, sai ya ce zai je kantin bakin layi ya sayo cingam. Ta ce kada ka daɗe. Haka suka yi da zai tafi Koriya, haka suka yi ta waya yana kwance a kan roka a 1962. Wannan ma kaucewa gaskiya ce, amma ta sha bamban da wadda aka yi masa a sama, domin su biyun sun san abin da ake nufi, sun kuma yarda tare su sa masa ƙaramin suna don ya ɗauku. Ga mai in'ina kuma gajeruwar amsar da aka riga aka sani rahama ce.

A 1973, tana da shekara 53, ta ji labarin wani shiri na makonni uku a kwalejin Hollins da ke Roanoke, inda ake koya wa masu in'ina numfashi da furuci daga tushe, gaɓa bayan gaɓa. Da ta gama ta ɗauki waya ta kira shi, ta yi masa magana a jere, jimla bayan jimla. Ya yi kuka. Shekararsu 30 da aure a lokacin. Ba ta taɓa cewa ta warke ba, takan ce kullum sai ta yi aiki a kai. Ta zama mai jawabi a taruka, ta koyar a sashen gyaran magana na Jami'ar Jihar Ohio, ƙungiyar masana ji da magana ta Amurka ta sa wa wata lambar yabo sunanta, wanda ya fara karɓa a 1987 kuwa shi ne James Earl Jones, ɗan wasan da shi ma ya yi fama da in'ina yana yaro. Ta rasu a Mayun 2020 tana da shekara 100.

Shi kuwa mijin, da ya shiga sana'ar da baki ne jarinta, sai ya zama ba gwani ba. Ya bar NASA a 1964 don neman kujerar sanata, ya zame a banɗaki ya bugu a kai, jiri ya hana shi tsayuwa watanni, ya janye. Ya sake nema a 1970 ya faɗi tun a zaɓen fid da gwani. Sai a 1974 ya ci, bayan abokin takararsa Howard Metzenbaum ya yi masa gorin cewa bai taɓa riƙe aikin da ake biyan ma'aikata ba. Glenn ya ce masa ya zo su je asibitin tsofaffin sojoji ya dubi waɗanda jikinsu ya ragargaje ya ce musu ba su yi aiki ba, ya je wurin uwar da ɗanta ya mutu a fagen daga ya faɗa mata haka. Ranar ya yi magana mai ratsa jiki, saboda abin da ya gani da idonsa yake faɗa. In an raba shi da wannan sai ya koma karanta rahoto. A babban taron jam'iyyar Democrat na 1976 jawabinsa ya wuce mutane na ta hira, Barbara Jordan ta hau bayansa ta girgiza zauren. Takararsa ta shugaban ƙasa a 1984 ta watse da wuri, ta bar shi da bashin da ya kai dala miliyan uku, wanda ya ɗauke shi fiye da shekara 20. A badaƙalar attajiri Charles Keating kwamitin ɗa'a ya wanke shi daga laifi amma ya ce ya yi rashin hangen nesa. Aikinsa mai ɗorewa a shekara 24 na majalisa irin wanda ba ya tara jama'a ne, kamar dokar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1978. Amma a Yunin 1968, da aka harbe amininsa Robert Kennedy a Los Angeles, shi da Annie aka damƙa wa yaran su kai su gida, shi ne kuma ya zauna ya faɗa musu mahaifinsu ya rasu. Irin wannan saƙo ba a ba mai iya zance, wanda aka san ba zai kewaya ba ake ba.

Ya koma sama ranar 29 ga Oktoban 1998 a kumbon Discovery, yana da shekara 77, ya yi kwana tara, ya kewaya duniya sau 134. Dalilin da aka bayar shi ne nazarin tsufa, tunda abin da rashin nauyi ke yi wa ƙashi da tsoka da barci ya yi kama da abin da shekaru ke yi. Masu suka suka ce ba a gina ilimi a kan mutum ɗaya, tukuici ne kawai aka ba tsohon sanata, kuma maganarsu ba ta rasa tushe ba. Mutanen birnin Perth na Ostareliya sun sake kunna masa fitilunsu kamar yadda suka yi a 1962. A cikin abokan tafiyarsa akwai likita 'yar Japan, Chiaki Mukai, tafiyarta ta biyu ke nan.

A wannan shekarar ƙungiyoyin mata suka yi ta kiran NASA ta ba Jerrie Cobb irin damar, tunda in tsufa ake nazari ai mata ma suna tsufa. Ba a ba ta ba, ta rasu a 2019. Ƙaramar cikin matan nan 13, Wally Funk, ita ce ta samu hawa ranar 20 ga Yulin 2021 a rokar kamfanin Blue Origin, tana da shekara 82, ta karɓe kambin mafi tsufan wanda ya je sararin samaniya, wanda ke hannun Glenn tun 1998. Tafiyar mintuna goma ce, a hau a sauko, ba ta kewaya duniya ba. Da ta fito ta ce ta daɗe tana jira, kuma tana son ta koma da wuri.